Inda Hannu Ya Saba

Gilbert mai gyaran kwamfuta ya kwance murfin akwatin kwamfutar, ya hura cikinsa, ya yi atishawa, sannan ya ce wannan ba gyara take nema ba, fansho take nema. Malam Zulkifilu bai yi dariya ba. Shi ma ɗan fansho ne, kuma ya san abin da ake nufi idan aka ce wa mutum ya je ya huta.

Kwamfutar ta shigo gidan nan na unguwar Kumbiya-Kumbiya tun yana aiki a ofishin safiyo, tun matarsa tana da rai. Yanzu aiki ɗaya ya rage mata. Kowace Juma'a bayan la'asar, 'yarsa Najiba da ke aure a Abuja takan kira shi ta bidiyo, ta ga ya yi aski, ta ga hularsa a zaune daidai, hankalinta ya kwanta. To, makon jiya manhajar kiran ta ƙi buɗewa, wai Windows 7 ɗin da ke ciki ya tsufa, ta daina hulɗa da shi. Najiba ce ta nemo Gilbert ta waya, ta ce ya je ya sa wa Baba sabo.

Abin da Najiba ba ta sani ba shi ne Baba ya kusa daina gani. Hawan jinin ido ya fara cinye masa gefe-gefe, ya yi ta matsowa tsakiya, har ya zama haske da inuwa kawai yake rarrabewa. Gidansa ya san shi. Masallaci bango ke kai shi. Abinci kuwa Saudatu matar ɗan hayarsa ke kawowa, kuma ba mai yawan tambaya ba ce. Kwamfutar ma da hannu yake sarrafa ta: ya ja linzaminta can ƙasa ta hagu har ya ƙure a kusurwa, daga nan ya auna, ya hau, ya karkata, ya danna. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna filayen mutane daga dutsen iyaka ba zai ɓata a allon da bai kai faranti ba. Yana alfahari da wannan, ko da yake babu wanda zai yi wa alfaharin.

Dalilin ɓoyewar ba wani mai zurfi ba ne. Ranar sadakar arba'in ɗin mahaifiyarta, Najiba ta faɗa masa a gaban dangi cewa duk ranar da zaman kaɗaici ya fi ƙarfinsa za ta ɗauke shi, ɗakinsa ma a gyare yake. Ɗakin a gidan mijinta yake. Mijin mutumin kirki ne, wannan ma ya ƙara wa abin nauyi. Malam Zulkifilu yana tsoron makanta, amma ya fi tsoron ya tsufa yana cin tuwon suruki, yana jiran a ce masa ga takalminka.

Gilbert ya zauna a bakin kujera ya shiga bayani. Windows na sha ɗaya, sabon fitowa, ko an yi masa magiya ba zai hau wannan injin ba. Na goma zai hau, amma da jan ƙafa, kuma masu shi ma sun fara juya masa baya. Akwai wani na kyauta da ake kira Linux, marar nauyi, wanda zai sa tsohuwar ta yi gudu kamar an yi mata allura, sai dai tsarinsa daban ne. Shi dai, a matsayinsa na mai sana'a, wannan na ƙarshen zai zaɓa.

“Wanne ne zai bar mini komai a inda yake?” in ji Malam.

Gilbert ya ce gaskiya babu. Ya juyo da wayarsa don ya nuna masa hoton kowanne, ya riƙe ta a gabansa. Malam ya gyaɗa kai yana cewa ya gani, ya gani, alhali kafaɗar Gilbert yake kallo. Gilbert ya sauke wayar a hankali.

“Baba, idon nan fa?”

“Yana ganin abin da ya ishe ni.”

“Madam Najiba ta sani?”

“Kai ma ba ka sani ba, ɗana.”

Gilbert ma yana da tsohuwa a Kaltungo da ta rantse sai dai a fitar da gawarta daga gidanta. Ya kawo shawarar a kunna muryar da ke karanta wa makafi allo, ya ma kunna masa a waya ya ji. Wata baturiya ce ke zuba Turanci ba numfashi. Malam ya ce idan Najiba ta ji wannan mata tana magana a falonsa, ai an gama. Ya zaɓi na goma, don ko ba komai gidansu ɗaya da wanda ya sani, ɗa ba ya rasa kama da ubansa ta wani wajen. Gilbert ya so ya yi musu, ya duba fuskar dattijon, ya fasa.

Aikin ya cinye yinin. Injin ya yi ta nishi, ya mutu, ya farfaɗo. Da ya kammala, Gilbert ya yi abin da ba a aiko shi ba: ya share duk tarkacen da ke allon, ya ja alamar kiran ya ajiye daidai inda hannun Malam ke sauka. Ya fita tsakar gida ya kira shi da wayarsa don gwaji. Sun sha faɗuwa kafin su ci. Da zai tafi ya ja masa kunne cewa yanzu ba ta da saurin ji, idan ya danna ya jira, kada ya sake dannawa.

Kwanakin da suka rage Malam ya yi ta bita shi kaɗai. Wani lokaci ya dace. Wani lokaci sabon tsarin ya ɓullo da wani saƙo nasa a tsakiyar allo, ya tare hanya, shi kuwa bai san da shi ba, sai dai ya ji shiru. Ya tsani abin. Ya ji kamar an shiga ɗakinsa yana masallaci an sauya wa kowane kaya wuri.

Ranar Juma'a ya yi aski, ya sa farar riga, ya zauna tun kafin lokaci. Kiran ya shigo. Ya ƙure kusurwa, ya auna, ya danna. Ƙarar ta ci gaba. Ya jira iya jiran da zuciyarsa za ta ɗauka, ya sake dannawa, ya sake. Ƙarar ta ɗauke.

Ya tabbata ya katse ta. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya taɓa gilashin, ya karkata kai hagu da dama yana neman 'yar kafar ganin da ta rage masa. Ya ɗage fatar idonsa da yatsa. Ya saki linzamin ya shiga shafa allon da tafin hannu. Hularsa ta zame ta faɗi, ya laluba ƙasa bai same ta ba. “Ya Allah, ina yake?” ya ce, da muryar da bai taɓa bari wani ya ji ba.

“Baba.”

Ya daskare a duƙe.

“Baba, tun ɗazu nake kallonka.”

Ya koma ya zauna, ya gyara wuyan riga, ya ce Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Ya fara cewa sabon tsarin ne bai saba da shi ba. Ba ta yi masa musu ba, ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye shi ko zai iya gaya mata launin mayafin da ke kanta. Ya kawar da fuskarsa daga allon.

Ta ce mota za ta zo ranar Lahadi, za ta yi wa Saudatu magana ta haɗa masa kaya. Ya ce to. Yana jin yaranta suna wasa a can nesa.

“Sai anjima, Baba. Kashe.”

Ya ɗora hannu a kan linzamin, ya ɗan motsa shi, ya janye.

“Ke kashe daga nan, Uwata.”