Kifin da Ya Ɓace Ranar Rufe Tukunya

A masana'antar da ke bakin tekun Changwon ba a sallamar babban ƙarfe sai an yi masa 'yar sadaka. A jera wainar shinkafa, a tsiyaya farar giya a ƙasa, manya su durƙusa. Daga ƙarshe a naɗe busasshen kifi da farin zare a rataye a saman ƙofa, wai shi da idonsa ba ya rufuwa zai hango tsautsayi tun daga nesa.

Jiya aka yi wa sabuwar tukunyar nukiliya tata sadakar. Yau da safe aka nemi kifi sama ko ƙasa aka rasa.

Nan take aka kira Injiniya Ryu Da-som. Aikinta ne ta tabbatar ko silin gashi bai saura a cikin tukunyar ba kafin a rufe bakinta, kuma da yamma Turawan da suka saye ta za su zo su leƙa da idonsu. Ita ce kuma aka zaɓa ta raka tukunyar ƙasarsu, ta yi shekaru can ana kafa tashar lantarki. Ta sha wuya kafin ta samu wannan tafiya, kuma tana sonta har cikin ranta.

Manaja Tak ya iso yana sharce gumi. "Injiniya Ryu, ƙasashe sun yi layi suna jiran su ga yadda wannan za ta kaya kafin su sayi tasu. In Turawan nan suka ga kifi a ciki, gobe duniya za ta ce Koriya miya take dafawa. Ke kuma ki manta da jirgi."

"Yallaɓai, wa zai sa kifi a tukunya?"

Ma'aikata suka yi ta kallon rufi. Kowa ya san wa. Mahaifinta Pan-sik, shugaban masu walda, mutum ne da ya ɗauki kifi da muhimmanci fiye da inshora. Akwai ɗaya a motarsa, akwai ɗaya a bayan firij, har injin wanki bai tsira ba.

Ta zura fararen kayan aiki, ta ɗauki tocila ta sauka cikin tukunyar, wadda faɗinta ya kai ɗakin kwananta. Ta haska kowane lungu da kowane bakin bututu. Daga sama Man-su, tsohon abokin babanta, ya leƙo.

"'Yata, ajiye tocilar nan ki bi wari!"

"Kawu, don Allah ka bar ni da abin da ya dame ni."

"Ni da ke ce, sai in ce wa Turawan kyauta ce. Wanda ya sayi tukunya ai ana ba shi gyara."

Ta fito jiƙe sharkaf da gumi, babu kifi babu dalilinsa. Tsoronta ya ƙaru, don abin da ba a gani ba ya fi wanda aka gani tayar da hankali. Ta nufi ɗakin cin abinci a fusace, ta tarar da tsohon yana zuƙar taliya hankali kwance. Su biyu kaɗai suka rage a gida, amma tun da ta faɗa masa zancen tafiyar bai ce mata uffan a kai ba.

"Baba, ina ka cusa shi?"

"Me fa?"

"Baba, baƙi suna hanya! In so kake ka hana ni tafiya, ka faɗa mini a gida. Kada ka haɗa da ƙasa gaba ɗaya."

Ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, ransa a ɓace. "Ni zan sa ƙazanta a tukunyata? Da hannuna na ɗinke ta. An gasa ta, an matse ta da ruwa, an haska ta ciki da waje, ba ta ce ƙala ba. Ko bangon duniya aka kai ta, na san abin da za ta iya ɗauka. Me za ta yi da kifi?"

"To yana ina?"

Ya kau da kai wajen taga. "Yana cikin akwatinki, ƙarƙashin rigunan sanyi. Ke ce ban taɓa gwada ki nesa da gida ba."

Da-som ta buɗe baki za ta ce 'yan kwastan ba za su bari ya wuce ba, sai ta fasa. Tausayinsa ya kama ta, irin wanda ba ta shirya masa ba. A waje motar baƙi ta tsaya, Manaja Tak yana ta ƙwala mata kira. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Tashi ki je, ana kiranki," in ji shi.

"Su ɗan jira, Baba. Ƙarasa taliyarka."