Hoton da Kafinta Ya Durƙusa

Da dare na ji wata ƙara ta bango: ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai shiru. Can kuma sai ƙiii, kamar an taka wutsiyar ɓera. Ba guduma ba ce, na san ƙarar guduma. Na kwana ina tunanin ko tsuntsu ne ya shiga cikin bulo ya rasa hanyar fita.

Da safe na yi sallama a ɗakin maƙwabtana, kafinta da amaryarsa, waɗanda ba su daɗe da aure ba. Na tarar da ita tsaye a kan kujera, tana buga ƙusa da dunduniyar takalmin aurenta.

"Baba, ina kwana? Gudumarsa ya ɓoye min," in ji ta. "In na kafa, ya zare."

Ta miƙo min hoton da ake rigimar a kansa. Mai hoton bikinsu irin wanda ba ya cewa a tsaya a gyara ne. Laɓewa yake yi, ya ɗauki mutane ba su sani ba. Ya kama su bayan an watse, a bayan tulin kujeru. Tana zaune a kan akwatin lemo, kwallinta ya zubo, tana dariya har da dasashi. Shi kuma ya durƙusa a ƙasa da sababbin kayansa, ya ɗora kumburarriyar ƙafarta a gwiwarsa yana matsa mata. A gefe wata mage ta zuba musu ido kamar an gayyace ta.

Kafinta ya fito daga ƙurya yana saka riga.

"Baba, kai ma dai ka gani. Abokan aikina su shigo su gan ni a durƙushe? Wallahi sai na bar unguwar nan. Ga masu kyau nan birjik, muna tsaye kamar mutane."

"Kamar waɗanda aka kama dai," in ji ta.

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta sauko daga kujerar ta dube shi.

"Ranar nan tun safe gabana ke faɗuwa. Kowa na cewa in yi murmushi, ni kuwa ina tunanin ko mutumin nan zai iya da ni. A nan wurin ne tsoron ya sake ni. In kunyar hoton kake ji ka faɗa min, in jefa shi ƙasan akwati mu huta."

Ya karɓi hoton ya fice da shi. Ta zauna tana jujjuya takalmin a hannu. Ni kuwa na ce magen dai ta yi kyau.

Da yamma na ji hayaniya na fito. Ga kafinta rungume da hoton, ya yi masa firam da hannunsa, katakon har yanzu yana ƙamshin fenti. Abokansa biyu na biye da shi.

"Sannu mai tausa! Mu ma fa ƙafarmu na ciwo!"

"Ku je ku yi aure," in ji shi, ƙusa a bakinsa, gumi na keto masa.

Bai kafa a ƙuryar da ta zaɓa ba. Daidai saitin ƙofa ya kafa, inda duk mai shigowa zai fara gani. Amarya ta rufe fuska da tafin hannu, tana leƙe ta tsakanin yatsu.

Mai ɗinki ta ɗakin gaba ta shigo, tef rataye a wuyanta. Ta kai hancinta dab da gilashin, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Kai kafinta, wai me ka faɗa mata ne take wannan dariya haka?"