Tumbin Merv a Zagaye na Bakwai

Sunana Merv, kuma ni ba injiniya ba ne. Aikina a shagon Warrick Tolhurst da ke Geelong shi ne ɗaukar kaya, ɗaure kusoshi da canza faifan kwamfuta da ya mutu. Ina ɗan shekara goma sha huɗu na bar makaranta, ban kuma taɓa kewarta ba.

Shekara shida Warrick ya yi yana ƙera akwatin ajiye bayanai, tsayinsa kamar firij, da faifai sittin masu juyawa a cikinsa. Masu saye daga Melbourne suka ce za su zo ran Juma'a. In akwatin ya yi karatu dubu goma sha biyu a daƙiƙa, sun ɗauka. In bai yi ba, Warrick ya faɗa mana ƙiri-ƙiri zai rufe shagon, kowa ya kama gabansa.

Noeline Pappas ce mai gwajinmu. Tsarinta ɗaya ne: akwatin ya rubuta, ya karanta, ya goge, ya huta rabin minti, a sake daga farko, har sau ashirin. Ran Litinin duk zagayen suka maƙale a dubu tara. Na bakwai kaɗai ya haye dubu goma sha biyu.

A sana'arsu, lambar da ba ta maimaituwa ƙarya ce. Noeline ta tsare mu tana tambayar me kowa yake yi da sha biyu da minti goma, lokacin zagaye na bakwai. Na ce na shigo da mitfai, wato burodi mai nama a ciki, a hannu, na jingina tumbina da akwatin, na cinye, na ce wa Warrick ƙungiyar ƙwallonsa taron guragu ce, na yi atishawa.

Ta ce babu lokacin tantance wanne ne ya yi aikin, kuma ƙa'ida ta hana a canza komai. Sai ta ƙara layi a takardar gwaji: rubuta, karanta, goge, Merv.

Ran Talata na shiga ɗakin gwaji sau ashirin. A na biyar na tambaye ta ko riƙe mitfai ɗin kawai ya isa.

"Ran Litinin cinyewa ka yi?"

"Cinyewa na yi."

"To buɗe baki, tsoho."

Atishawa kuwa da barkono take tayar mini. Warrick yana tsaye yana shan zagi yana godiya, har yana gyara mini in na sassauta. Kowane zagaye, dubu goma sha biyu.

Ran Laraba na ce musu ko jaki ya san abin da ke faruwa: akwatin yana karkarwa, tumbina yana danne shi. A jingina masa buhun siminti a bar ni in huta. Aka gwada. Dubu goma. Noeline ta ce siminti ba ya numfashi, aka mayar da ni.

Ran Juma'a wani siririn mutum, Mista Dunstan, ya zo a madadin masu saye. Ya zauna da littafinsa ya kalli zagaye ashirin, ko murmushi bai yi ba. Lamba ta fito daidai. Warrick ya fara share hawaye.

Dunstan ya nuna ni da biro. "Wannan bawan Allah yana cikin tsarin gwajin?"

Noeline ba ta iya ƙarya ba. Ta miƙa masa takardar, layi na huɗu.

"Abin da aka gwada shi muke saye," in ji shi.

Warrick ya dube ni kamar kare a bakin mahauta. "Merv, mutumina."

"Kar ka mutumina ni," na ce. Amma na san shagon nan ne ke ciyar da mu duka.

Yanzu kullum da safe jirgin ƙasa nake hawa zuwa Melbourne, in jingina tumbina da akwatin a wajen masu saye. Na roƙi kujera, aka ce a zagaye na bakwai a tsaye nake. Duk Litinin suna ɗora ni a sikeli, kilo ɗari da goma sha huɗu, kada ya ƙaru kada ya ragu. Shagon Warrick yana nan a buɗe, ina kiransa ta waya in zagi ƙungiyarsa, ya ce ya gode.

Likita ya ce in rage kilo goma. Na ba shi lambar wayar Noeline.