Agogon da Thierry ya shanya

Mijina Thierry burinsa ɗaya a duniya: a ba shi kujera a teburin masu tara agogo, waɗanda ke zama ran Alhamis a gidan shayin Madam Huguenin a garinmu La Chaux-de-Fonds. Don wannan kujera ya kwashi kuɗin gyaran kicin ɗina ya sayo agogon Gauvenet sabo fil, sunan kamfanin rubuce da ruwan zinariya a farar fuskarsa.

Ya kai musu yana washe baki. Shugaban teburin, tsoho Aurèle, ya kalli agogon kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Yaro, wannan ai kowane mai kuɗi zai iya saya. Mu wanda ya sha rana muke so, fuskarsa ta koɗe ta yi kalar zuma. Ka dawo bayan shekara hamsin."

Thierry ba shi da haƙurin jiran tafasar ruwa, balle shekara hamsin. Washegari na tarar da agogon a baranda, a kan faranti, kusa da tumatir ɗina.

"Maigida, me nake gani?"

"Tsufa yake yi, Odile. Kada ki tare masa rana."

A garinmu kuwa rana baƙuwa ce. Duk bazarar nan mutumin nan bin ta yake da faranti, daga baranda zuwa rufin gareji. Ya aro wajen ƙanwata fitilar da take haska fatarta da ita don ta yi duhu kamar ta sha rana. Ya cire gilashin ya turara fuskar da tururin shayi. Ranar da na same shi yana leƙa tandata da faranti a hannu, na rantse masa zan koma gidanmu.

Abin haushi, dabarar ta ci. Kafin dusar ƙanƙara ta sauko, fuskar agogon ta yi kalar zuma. Ya sa kwat ɗin aurenmu, ni ma na bi shi gidan shayin don in ga ƙwal uwar daka.

Aurèle ya maƙala madubi a ido, ya daɗe yana juya agogon.

"Kala kam ta yi, wallahi ta yi. To na wane kamfani ne?"

"Gauvenet mana, ranka ya daɗe, ga shi nan a rubu..."

Babu komai a wurin. Rana ta cinye sunan tare da farin.

"Akwai kwalinsa a gida, da sunan a jiki!"

"To ka ɗauro kwalin a hannu mako mai zuwa," in ji Aurèle. Teburin ya kwashe da dariya.

Na zo ne da niyyar yi masa dariya, amma da na ga ya tsaya riƙe da bayan kujerar da ba a ce ya ja ba, sai tausayinsa ya kama ni. Na karɓi agogon, na ja hannunsa muka fita.

Yanzu yana rataye a ƙusa a kicin ɗin da ba a gyara ba, da shi nake auna lokacin dafa ƙwai. Bai taɓa yin latti ba. Thierry kuwa in yana son sanin lokaci, wayarsa yake dubawa.