Ƙafata da Birkin Jif

Gobe za a sallamo Inna, mahaifiyar maigida, daga asibiti, ƙafarta a ɗaure tun daga cinya. Ba ta lanƙwasuwa, don haka sai dai a kwantar da ita a bayan jif ɗinmu. Jif ɗin kuwa ya tsufa, lambobin tafiyarsa ma sun daina juyawa, ga birkinsa ya yi laushi.

Maigida ba ya kai shi gareji. Ya shimfiɗa kwali a tsakar gida, ya ce iska ce ta shiga birkin, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne.

"Ki hau ki zauna. In na ce taka, ki taka har ƙasa. Kada ki saki sai na ce."

Ban taɓa zama a wajen direba ba. Kujerar ta maƙale can baya tun shekarun baya, daidai doguwar ƙafarsa. Na miƙe iyakar miƙewata, babban yatsana kawai ya kai.

"Taka."

Na taka.

"Kin taka kuwa?"

"Na taka."

"Har ƙasa?"

Ban san inda ƙasan yake ba. Inda yatsana ya tsaya, na ɗauka nan ne. Na ce e.

Na ji ƙarar sifana daga ƙarƙashin motar, ta wajen taya, sai shiru. Ya koma ɗaya tayar, ya sake dawowa. Yatsana yana zamewa, ina mayarwa da sauri. Yana ta ƙara man birki, yana magana shi kaɗai.

"Ɗigo-ɗigo kamar hawayen kishiya. To ina man yake tafiya? Ko famfon birkin ne ya mutu? Bara fa na canza shi."

Ni ma tambayar da nake yi ke nan a raina.

Ya fito da nufin kwance famfon, fuskarsa duk baƙin mai. Da ya zo ta ƙofata sai ya tsaya. Ya tarar na zame har bakin kujera, na rungume sitiyari, haɓata a kansa.

"Tun ɗazu haka kike?"

"Ba haka ake yi ba?"

Ya ɗaga gorar man ya duba ta a rana. Saura ɗan kaɗan a gindinta, shaguna kuma a rufe suke yau.

"Allah ya ba ni mota doguwa da mata guntuwa," ya ce. "Kwaso matasan kujerun falo."

Ya cusa su a bayana. Wannan karon ƙafata ta nutse, har na tsorata ko na karya wani abu. Muka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, gorar ta ƙare ƙaf.

"Yanzu taka. Ya yi tauri?"

"Ya fi ɗazu."

"Ɗazu ai ba ki taka komai ba."

Ya sauke ni, ya hau, ya tayar. Ya ja baya a hankali, ya taka. Jif ɗin ya tsaya cak, taku ɗaya kafin igiyar shanya.

"Je ki ɗauko katifar Inna mu gwada ta a baya."