Tsagar Malam Bubayero

Gwangwanaye bakwai Malam Bubayero ya bari a ƙarƙashin gado, kowanne da naɗin fim a ciki. A zamaninsa shi ke zagaya ƙauyukan Jahun yana nuna majigi, wani lokacin kuma ya ɗauki nasa hoton. Matarsa Hajiya Safara'u ba ta taɓa su ba tun rasuwarsa, sai da warin tsami ya fara tashi daga cikinsu.

Izzuddeen, ɗan ƙanwarta mai shagon gyaran hotuna a Dutse, ya ce fim ɗin ruɓewa yake yi, amma zai iya kwashe shi cikin kwamfuta. Ta daɗe tana kallonsa, domin ta ji a rediyo yadda ake sayar da tsofaffin hotunan mutane.

"Ɗaya zan ba ka," ta ce. "In na ga abin da ka yi da shi, ma yi maganar sauran."

Bayan mako biyu ya dawo, ya buɗe kwamfutar a kan tabarma. Ga kasuwar Jahun tar, babu ɗigo ko ɗaya. Can sai wani mutum mai farar hula ya juyo yana dariya.

"Tsayar. Wane ne wannan?"

"Baba Malam ne mana, Inna."

"Ba shi ba ne. Malam tsaga uku gare shi a kowane kunci. Fuskar wa ka kawo min? Ina ka kai na ainihin?"

Izzuddeen ya zaro fim ɗin daga gwangwani, ya ɗaga shi saitin rana, ya miƙa mata gilashin ƙara girma. Ga tsagar nan raɗau. Ya bayyana mata cewa kwamfutar ta ɗauka tsagar ƙarzuwar fim ce, shi ya sa ta goge.

"To me kuma ta goge wanda ban lura ba?"

Ya ce sai dai a sake bin fim ɗin daga farko, a duba tare.

Daga ranar, duk Asabar Hajiya na shiga motar Dutse, ta zauna a bayansa yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ba ta yarda ya wuce fuska sai ta duba. A Asabar ta uku ta dafa kafaɗarsa.

"Wannan Murja ce mai tallar nono. Haƙorinta na gaba dama a karye yake. Kada ka gyara mata."