Faifan da Na Kai wa Hubert

Ni da Hubert Tansley mun tsufa muna faɗa a kan abu ɗaya: faifai. Mun yarda Ingila ba ta taɓa haifar mai tsara kiɗa kamar mutuminmu ba, mai manyan kaɗe-kaɗen nan tara da ake kira simfoni. Inda muka raba gari shi ne wane madugun makaɗa ya fi iya su. Hubert ya rantse da tsohon faifan madugu Merrick, mai jan kiɗa kamar ana masa dole, ga 'yan kallo na ta tari a ciki. Ni kuwa na Dunstan nake so, tsaf, da kuzari. Duk Alhamis a ƙungiyarmu ta masu sauraron faifai, a zauren cocin garin Ludlow, sai mun ta da jijiyar wuya a kan shayi da biskit.

"Lionel, kunnuwan nan naka na rataye tabarau ne kawai," in ji shi.

"Kai kuma tarin mutane ka saya, ka ce kiɗa ne."

Iyakar yadda muka iya nuna wa juna ƙauna ke nan.

Da aka kwantar da shi a asibiti, matarsa Marjorie ta kira ni a waya. "Likita ya ce ba zai ga bazara ba. Bai sani ba, kuma ba na so ya sani. Yana neman kiɗa. Kawo masa, amma don Allah ka yi yadda ka saba."

Na tsaya gaban kantar faifaina, zuciyata ta karye. Akwatin faifan Dunstan na nan. Na Merrick ma na nan, wanda Hubert ya ba ni da gangan ranar haihuwata don ya ƙular da ni, ko ledarsa ban cire ba. Na ce a raina, mutumin da ya rage masa 'yan kwanaki ai a ba shi abin da yake so. Na ɗauki Merrick, har ina jin kaina mutumin kirki.

Na isa da inabi, muka zagi ruwan sama kamar kullum, na sa faifan a na'ura. Goge ya fara a hankali. Can a cikin faifan wani bawan Allah ya yi tarinsa na shekara da shekaru. Hubert ya buɗe ido.

"Wannan ai Merrick ne."

"E. Na sake saurara kwanan nan. Gaskiya yana da nasa daɗin."

Ya daɗe yana kallona. Ya juya ya kalli Marjorie, wadda ta duƙufa gyaran furen da ba ya buƙatar gyara.

"Ashe abin ya kai haka," in ji shi. "Likita ya ce ina samun sauƙi, na yarda. Marjorie ta ce za mu bakin teku, na yarda. Amma kai ka yabi Merrick?"

Marjorie ta fita da sauri, hannu a baki. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina don kunya da baƙin ciki.

"Jan kiɗan ya yi yawa," na ce. "Kuma masu busa ba su..."

"Ka makara, tsoho. Zauna ka yi mini shiru, wurin mai daɗin ya kusa."